Ranar da Bantonmu Bai Tashi Ba

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi kamar jakin da ya hango rami. Na ba ku labarin kifin da na kama a Dindir, wanda sai da aka haɗa amalanke biyu kafin a kai kansa kasuwa, kun yi dariya, uwarku ta ce in ji tsoron Allah. To yau dariyar kaɗan ce. Kun tashi kuna jin mutane na cewa kakanku Alhaji Isa ya sayar da mutanensa ga 'yan siyasa a shekarar zaɓe, shi ya sa hukuma ta ƙwace mana banton, jirginmu na fito. Na ga ranar da 'yar'uwarku Maryama ta dawo daga gidan biki ido jawur, wata tsohuwa ta goranta mata wannan magana, ni kuwa na ce ta share, bakin mutane ne. Ba bakin mutane ba ne kawai. An yi abin, amma ba kakanku ya yi shi ba. Ku karanta a tsanake, kada wanda ya tsallake layi.

Sai na fara gaya muku irin gidan da na fito. Kakana Malam Mudi ya soma da jirgin ruwa guda mai filafilai, irin wanda muke kira markab, a zamanin da Turawa suka tattara kayansu aka ɗaga tutar jamhuriya. Yana ɗaukar albasa da dawa da gawayi daga ƙauyukanmu na gabashin kogi ya gangara da su Kamlin, wani lokaci har Hartum. Kafin in yi wayo markab sun zama uku, ga kuma banton, wato faffaɗan jirgin ƙarfe mai inji da ke ƙetarar da mutane da jakuna da ƙananan motoci daga gaɓarmu zuwa ta yamma. Malam Mudi ya bar wa gidan dokoki, ba a rubuce ba, amma sun fi ƙusar jirgi kamawa. Ba a saka bindiga a jirginmu. Ba a liƙa masa tutar kowace jam'iyya. Da 'yan jam'iyyun farko suka zo roƙonsa, cewa ya yi kogi ba ya tambayar mai shan ruwansa wa zai zaɓa. Babbar dokar kuwa, ba ma rantsuwa. Ko kana da gaskiya ba ka dafa Alƙur'ani, ba ka cewa wallahi. In ka ce i, i ne. In ka ce a'a, an gama. Fatake daga Managil sukan loda mana kaya ba takarda ba shaida, don sun san buhun da ya shiga jirgin gidan Mudi zai fita da ɗinkinsa.

Ku dubi ikon Allah, a wannan gida aka haife ni. Ni da ake kira Sani Rediyo, wanda in ya ga ɓera zai ce ya ga kura da 'ya'yanta bakwai. Mai ƙarin gishiri da aka hana shi wallahi, ai kamar an ba mutum tuwo ne an ɓoye miya. Babana yakan dube ni ya girgiza kai, ya ce Allah ya tara duk surutun da gidan ya haɗiye tun zamanin Malam Mudi ya zuba a baki ɗaya. Amma yana sona, kuma ni ya damƙa wa injin banton, ina da shekara ashirin da 'yan kai, don duk surutuna hannuna ya san ƙarfe. Yayana Haruna shi ne rayyis, mai riƙe da akalar jirgi.

A shekarar da nake ba ku labari sojoji sun sauka, aka ce za a yi zaɓe. Mu kuma a gida wata damuwa ce ke cin mu. Ba a tuƙa banton sai da ruksa, takardar izini daga majalisar yanki, kuma an fito da sabon sharaɗi cewa mai ruksa sai ya nuna jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Kun san yadda wannan takarda take wa Bahaushe, ko da kakansa a bakin kogin nan aka yanke masa cibiya. A da, tsohon umda, wato dagacin yankinmu, ke tsaya mana, ya ce ya san gidan, a sa hannu. Umda ya rasu. Sabbin ma'aikata suka ce Baba ya zo ya dafa Alƙur'ani ya rantse a kan shekarar da ubansa ya zo ƙasar, Baba ya ce ga shekarar, amma ba zai rantse ba. Sai takardarmu ta kwanta a ofis, ruksa kuwa saura mata wata biyu.

Ana nan sai ga Ustaz Hamza, ɗan takarar da ke da ƙarfi a gaɓar yamma, mutum mai rawani kamar an naɗe zanen gado uku. Abokin takararsa wani malamin makaranta ne, Malam Yakubu, wanda 'yan ƙauyukanmu da leburorin auduga suka yi wa alkawarin ƙuri'a. Akwatin zaɓe kuwa a makarantar gaɓar yamma aka ajiye shi, duk mai jefa ƙuri'a daga wajenmu sai ya ƙetare, kuma bantonmu ne kaɗai hanya. Aka shimfiɗa wa Ustaz darduma a zaure, aka kawo gahawa. Ya yabi gidan har na ɗauka waƙa zai rera, sannan ya sauke murya.

"Ya Haj, na ji takardarka ta maƙale. Abin kunya ne a ce gida irin naku yana jiran sa hannun yaro. Kwana ɗaya ya ishe ni. Ruksa, da jinsiyya, kai da 'ya'yanka, ba wanda zai ce ka dafa komai."

"Allah shi saka da alheri," in ji Baba. "Mi za mu yi muku?"

"Ba komai. Abin da nake so ke nan, kada ku yi komai. Ranar zaɓe banton ya huta. Inji ai yakan lalace."

"Namu lafiyarshi lau."

"Sai ka ce ya lalace."

Baba ya ajiye finjalin gahawa a hankali. "Ustaz, ka sha gahawarka, tana hucewa. Abin da bai faru ba, ba ni cewa ya faru. Ranar nan duk wanda yat tsaya bakin ruwa za mu ƙetare da shi, naka da wanda ba naka ba."

Ustaz ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya tashi. A bakin ƙofa ya ce wata biyu ba nisa.

Da yamma gidan ya kama da wuta. Yaya Haruna ya ce Baba ya tuna mutum nawa ke ci daga banton, matansa biyu da 'ya'ya, da matuƙa, da 'yan dako. Inna, uwata, tana toya kisra, gurasarmu ta dawa, tana magana da murhu don Baba ya ji.

"Gaskiya dai anka ce, to ga ta nan, mu dafa ta mu ci. Mutum ya zo har gida da alheri an kore shi da gahawa."

"Hajjo," in ji Baba, "wanda ya saye ka yau, gobe shi ka sai da kai."

Ni kuma na kwana biyu ina juya maganar, har Shaiɗan ya kawo mini wata dabara da na ɗauka tun da aka halicci kogi ba a yi mai kyawunta ba. Na ce a raina, Baba bai ƙi komai ba sai faɗin abin da bai faru ba. To in injin ya lalace da gaske fa? Baba zai ce ya lalace, bai yi ƙarya ba. Ustaz ya samu abin da yake so, ruksa ta fito, Inna ta daina faɗa da murhu. Kun ga irin kuskuren da sai ɗan gidanmu zai yi: na tsare wa ubana harshensa, na manta cewa ba harshe kaɗai ake tsarewa ba. Har ina ganin wata rana za a zauna a yaba mini.

Ana gobe zaɓe, bayan mun yi sawun ƙarshe na la'asar, kowa ya hau tudu, na ce zan tsaya in duba mai. Na kwance turumba, wato ƙarfen da ke tura mai cikin inji, wanda in babu shi inji gunki ne. Na naɗe ta a buhu. Direban Ustaz na jirana a bayan gonar albasa, don tun da safe na aika masa. Na so in ɓoye ta a wajena, ya ce a'a, Ustaz ba ya sayen kifi a ruwa. Ya jefa ta bayan mota ya nufi birnin Madani. Na tsaya ina kallon ƙurar motar har ta ɓace.

Da muka idar da asuba muka gangara, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ni mai ƙari ne, kun sani, amma a nan ba na buƙatar ƙari. Bakin ruwa ya cika maƙil. Mata lulluɓe da fararen mayafan tobe, tsofaffi a kan jakuna, leburorin da suka taso da ƙafa daga sansanonin auduga tun jiya, kowa da 'yar takardarsa a hannu ko a ƙulle a bakin zane. Wasu a rayuwarsu ba su taɓa jefa ƙuri'a ba. Wani tsoho makaho, Baba Ɗangwani, ya sa jikarsa ta ɗaura masa sabon rawani. Suna ganinmu suka yi ta sannu da zuwa, gidan Mudi sun iso. Na sauka ɗakin inji na yi ta murɗa hannun tayarwa kamar mai gaskiya, gumi na zuba, inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Yaya Haruna ya sauko ya leƙa, ya ga gurbin turumba fayau, kusoshi a jere a gefe yadda na saba jera su. Ya hau ya kira Baba. Mu uku a wannan ɗan ɗaki mai warin gas, hayaniyar mutane a kanmu.

"Haruna, kai ne?"

"A'a, Baba."

"Sani, kai ne?"

A gidan da ake rantsuwa da na yi wallahi goma na tsira. A namu ba inda za ka ɓuya, kalma biyu ce kawai, sai ka ɗauki ɗaya.

"I, Baba. Amma don kada ka yi ƙarya ne na..."

"Tana ina?"

"Madani."

Ya dube ni. Na fi son ya mare ni, na ma miƙa kuncin. Sai ya juya ga Haruna.

"A kwanto markab duka uku. A sauke albasar da ke ciki, a zuba ta bisa yashi. A kawo kowane irin abin tuƙi da ke garin ga."

Ya hau sama ya tsaya a gaban jama'a ya ce banton ba zai tashi yau ba, amma za a ƙetare da kowa gwargwadon iko, tsofaffi da mata su fara. Wani ya ɗaga murya ya ce me ya samu injin da jiya yake lafiya. Baba ya ce ba lokacin magana ba ne, a shiga jirgi. Tun daga wannan amsa mutane suka fara duban juna.

Lokacin bazara ne, ruwa ya ja baya, yashi ya fito a tsakiyar kogi, iska kuwa ko ta kaɗa gashin kaza babu. Filafilai suka rataye kamar wanki. Sai tuƙi da hannu, kuma markab jirgin kaya ne, nauyinsa kamar ka tura masallaci. Banton kan kwashe a sawu ɗaya abin da markab uku ba za su kwashe a sawu uku ba. Muka yi ta kai da kawowa. Kafin azahar tafin hannuna ya ɗuri ruwa, ya fashe, sandar tuƙi ta yi ja. Baba da shekarunsa ya tuɓe jallabiya ya kama sanda, ba wanda ya iya hana shi. Kowane sawu muka dawo, sai in ga taron kamar bai ragu ba, rana na gangarawa, mutane na rige-rigen shiga har jirgi ɗaya ya kusa kifewa da mata a ciki. Haruna ya yi ta ihu da Larabci da Hausa har muryarsa ta mutu. Da aka ce an rufe akwati, muna tsakiyar ruwa da jirgi cike. A gaɓarmu kuwa akwai sauran jama'a da yawa zaune a kan yashi, takardunsu a hannu. Baba Ɗangwani na cikinsu, don sau biyu yana ba wasu wurinsa. Da muka juyo ba wanda ya yi mana sannu. Wata mata ta tofar da yawu a gefen jirgi ta ja ɗanta.

Ustaz Hamza ya ci zaɓe da ɗan rinjaye. Na je gidansa bayan kwana uku, ina tsammanin aƙalla ruksa ta tsira. Ya bar ni a tsaye a rana, da ya fito ya ce shi kogi ya ce a rufe, mu kuwa mun rufe ƙofa mun buɗe taga, saura kaɗan mu kayar da shi. Ya ce bai san wata turumba ba, bai ma san ni ba. Mutanen Malam Yakubu kuma suka kai ƙara majalisa cewa gidan Mudi sun kashe banton da gangan. Aka aiko wa Baba takardar kira.

Daren da za mu tafi ba a yi hira ba. Da safe Inna ta tare ni a bakin madafa ta riƙe mini hannu, wanda har lokacin a naɗe yake da tsumma.

"Sani, in ka buɗe bakin nan naka can, kurkuku za su kai ka. Ka ji ni? Ka bar ubanka shi yi magana."

Zan iya ɓuya a bayan wannan magana in ce biyayya na yi wa uwata. Ba haka ba ne. Daɗi na ji da ta faɗa.

Jami'in da ya saurari ƙarar mutumin kirki ne, ya sha hawa bantonmu, ya san Baba. Ɗakin cike da mutanenmu, wasu a taga. Ya saurari masu ƙara, sannan ya jawo Alƙur'ani daga kan tebur ya tura gaban Baba, ya yi magana a hankali kamar mai lallashi.

"Ya Haj Isa, kowa ya ga yadda kuka yi tuƙi ranar nan, na ga hannuwanku. Ka dafa ka ce injin da kansa ya lalace, ba hannun kowa. In rufe wannan magana, in kuma sa hannu a ruksarka yau ɗin nan, sauran takardu ni na san yadda zan yi da su."

Haruna ya sunkuyar da kai.

"Ba ni rantsuwa, ka sani," in ji Baba.

"To kada ka rantse. Ka faɗa da bakinka kawai, maganarka ta ishe ni."

Kun ji ƙofar da ya buɗe masa. Kalma ɗaya, banton ya zauna a gida.

"Ba da kanshi ya lalace ba. Hannun gidana ne."

Ɗakin ya ruɗe da salati da zagi. Jami'in ya buga tebur har aka yi shiru.

"Hannun wa a gidanka?"

"Na ce na gidana. Ni ne mai gidan."

"Ya Haj, in ba ka ba ni suna ba, a kanka zan rubuta."

"Rubuta."

Ina tsaye a bayansa, tsakanina da shi bai kai taku biyu ba. Ina ganin jijiyar wuyansa. Ni Sani Rediyo, wanda ke magana a cikin barci, wanda aka taɓa kora daga zaman makoki saboda surutu, na nemi kalma ɗaya a bakina na rasa. Na buɗe baki, na rufe. Jami'in ya dube ni, ina jin ya gane, ya jira ni ɗan lokaci. Da ya ga ba abin da zai fito, ya ja takarda ya rubuta. Aka soke ruksa, aka ce majalisa za ta karɓi banton ta ba wani ya tuƙa. Saboda tsufan Baba ba a ɗaure shi ba.

Abin da ya biyo baya kun san wasu. Fatake suka janye kayansu ɗaya bayan ɗaya, don gidan da aka ce ya sayar da mutanensa wa zai ba shi buhu? Markab biyu suka ruɓe a kan yashi. Yaya Haruna ya koma tuƙin lori a Managil, har ya rasu gaisuwa ce kawai tsakanina da shi. Baba ya koma noman 'yar gonarsa. A masallaci aka daina matsa masa a sahun gaba, shi kuma ya koma na uku. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, bai taɓa ambata mini turumba ba, ko da wasa, ko da fushi.

Magana ɗaya ya yi mini, ranar da muka fito daga majalisa. Mun gangaro bakin ruwa na yamma muna jiran markab, ga bantonmu can a ɗaure a ƙetare. An riga an gaya mana wanda za a ba, wani surukin Ustaz ne, direban tarakta, wanda bai san kogi ba sai a kofin shayi. Ni ina ta ƙoƙarin haɗa kalmomin neman gafara, sai Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"In sun gyara injin, ka hau tare da mutumen nan. Ka nuna mishi inda yashi yake, da inda ruwa ka juyawa ƙasan tsamiya. Kada ka sauka sai ya iya."

"Baba, su da suka ƙwace mana?"

"Mutanenmu za shi ɗauka."

Na hau. Kwana arba'in ina tsaye a gefen wannan mutum ina nuna masa hanya, mutanen garinmu na shiga suna fita, ba mai amsa sallamata, wasu na cewa ga ɗan wanda ya sayar da mu an ba shi lada. Kowane sawu ina da damar in juya in ce musu ni ne, ba tsohon ba. Sawu nawa ke nan a kwana arba'in, ku lissafa da kanku. Ban faɗa ba. Na ci gaba da ba mutane dariya shekara da shekaru, na zama wanda ba a biki sai da shi, ubana kuwa yana kwance a maƙabarta da sunan da ni na saya masa.

Don haka wannan babin ba na ajiya a akwati ba ne. Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, babbanku Isa zai raka ni masallacin garinmu, in an sallame in miƙe in karanta shi da bakina. Da yawa daga waɗanda suka zauna a kan yashi ranar nan sun riga mu, amma 'ya'yansu na nan, kuma su ma abin da suka gada ke nan game da kakanku. In muryata ta maƙale, Isa, ka karɓi takardar ka ci gaba daga inda na tsaya, kada ka bar ni in zauna.